Kantar Mage

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu da muka yi aiki kafaɗa da kafaɗa sun ɓace mini, amma abin da wani kafinta ya yi mini a kan magena ba zai taɓa fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kamar jiya aka yi. Jikokina suna dariya in na ɗauko zancen, suna cewa tsohuwa ta tayar da rigimar mage. Su yi ta dariyarsu, ni na san abin da na gani.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidanmu a Ɗorayi, ni da Innata a ɗaki guda. Zaman banza ya ishe ni, sai na samu aiki a wani kamfanin alawa a Sharaɗa, cikin matan da ke naɗe alawa a takarda suna zubawa a kwali. A kamfanin akwai wata mage mai ruwan toka da ke zaune a siton sukari tana kama ɓeraye. Ba ta da mai ita, amma kowa ya san aikinta, don kafin ta zo, buhuna a huje ake samun su. In ta gaji da farauta sai ta zo ƙarƙashin teburinmu ta kwanta a kan ƙafata. Ni kuwa a lokacin ba ni da mai jingina da ni a duniya sai ita, shi ya sa na saba da ita fiye da yadda na zata.

Wata rana masu dako suna sauke kaya, jerin buhuna ya zame ya danne ta. Da aka janye buhunan tana numfashi, ƙafar baya ta karye, jini na fita ta kunne ɗaya. Foman, mai kula da ma'aikata, ya dube ta ya ce wa mai shara, "Kwashe ta ka kai bola, kada ta yi mana wari a nan." Magen da ta yi shekaru tana yi musu gadin sukari ba albashi, sakayyarta ke nan. Na san in na buɗe baki a ranar aikina ya ƙare. Na cire gyalena na naɗe ta, na ajiye ta a kwali ƙarƙashin tebur har aka tashi, na rungumo ta a ƙafa har gida.

Inna ba ta yi murna ba. "Mutane na dawowa daga aiki da abin miya, ke kin dawo mana da gawa," in ji ta. Amma ita ce ta tsaga kara ta ɗaure ƙafar, tana yi tana mita. Ƙafa ta haɗe, sai dai ta ɗan gajarce. Kunnen ne bai bar ta lafiya ba. Kanta ya karkace gefe guda, in ta yi tsalle sai ta sauka ba inda ta nufa ba. Sau biyu tana faɗowa daga katanga, shi ya sa na daina barin ta fita, ta zama magen ɗaki.

To amma mage ba ta san ta nakasa ba. Ranta na sama. A ɗakin namu akwai ƙaramar taga can kusa da rufi, inda hantsi ke shigowa, kuma nan take so ta kwanta. Sai ta hau gado, ta daka tsalle zuwa kan kabad ɗin Inna, daga nan ta nemi taga. Wani lokaci ta kai, wani lokaci ta rikito. Na jera akwatunanmu a gindin tagar don ta riƙa takawa, na shimfiɗa tsohuwar katifar rimi a ƙasa saboda in ta faɗo ta faɗa kan taushi. Ɗaki ya cushe, Inna na tuntuɓe da akwati kullum, kuma akwatunan na ƙarfe ne, suna da santsi. Na ga wannan ba mafita ba ce.

Akwai wata abokiyar aikina, Kirista ce daga Filato, teburinmu ɗaya. Ita na fara gaya wa, kuma ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Muna cin abincin rana muka tsara abin da baki. Matakala ce ta katako, gajeriya, kowane mataki mai faɗi yadda mage za ta kwanta ta juya a kai, kuma kusa da juna don kada ta yi tsalle ko kaɗan, takawa kawai za ta yi. Gindin ya zama mai faɗi da nauyi, kada ya yi rawa. A bakin kowane mataki a kafa ɗan katako ya tare ta in ta gangaro. "Kuma kada ki yarda a goge katakon ya yi sulɓi," in ji ta. "A bar shi da kaushinsa, a buga masa buhun algarara, farcenta ya samu abin kamawa."

A bakin layinmu akwai wani kafinta, dattijo, abokin marigayi babanmu. Baba nake ce masa. Na je na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan, har ina gwada masa tsayin kowane mataki da hannuna a jikin bango. Abokan hirarsa na zaune a benci suna saurare. Da na gama sai ya ce, "Na wa kika ce, 'yar nan?"

Na ce, "Na magena ne, Baba. Ta ji ciwo, faɗuwa take yi."

Benci ya kwashe da dariya. Shi kuwa ya yi murmushi, ya shafa gemu, ya ce, "Na gane, na gane. Je ki abinki, ai ba sai kin faɗa ba."

Na ce, "Baba, don Allah kada ku goge katakon, kuma kada ya yi tsawo."

"Na ce na gane. Mu ne fa muka haife ku."

Na taho ina jin daɗi, wai na samu dattijo mai fahimta. Ashe abin da ya gane daban ne. A tunaninsa babu mace mai hankali da za ta sa a yi wa mage kayan katako. Bazawara ce, ta gama takaba, tana aiki tana samu, ta zo tana maganar abu mai hawa-hawa da za a jingina da bango. Ai kantar jeren kwanukan amarya take so, ta samu miji, kunya ce ta hana ta faɗa wa abokin ubanta, shi ne ta fake da mage. Haka ya yanke, shi kaɗai, bai sake tambayata ba, bai aiko a tambaye ni ba. Kuma bai tsaya nan ba, sai da ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa layi.

Ranar da ya gama ina wurin aiki. Da la'asar na dawo, tun daga zaure na ji hayaniyar mata a tsakar gida. Ina sa ƙafa wata maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa. "Ga amarya, ga amarya! Munafuka, ashe shiri kike yi a ɓoye?" Inna na zaune a tabarma bakinta har kunne, rabon da in ga ta yi fara'a haka tun kafin rasuwar mijina. Ta ce, "Ke kuwa ko ni ba za ki gaya wa ba? Sai a bakin kafinta zan ji?"

Ban fahimci komai ba sai da na ɗaga labule. Ga wata doguwar kanta ta kusa taɓo rufi, an lulluɓe ta da farar fomika tana ƙyalli, irin wadda ake yayi a lokacin. Hawa-hawanta sirara ne, daidai zaman kwano, tsakaninsu da nisa, har da ɗan madubi a sama. An jingina ta daidai gindin taga. Akwatunan da na jera an kwashe an tura ƙarƙashin gado don a samar mata wuri, katifar rimin an naɗe an fitar waje. Siminti ne tsirara a ƙasa.

Na ce, "Inna, ina mage?"

Ba wanda ya san inda take, ba wanda ya ma tuna da ita. Na durƙusa na leƙa, sai na hango ta a lungu tsakanin kantar da kabad. Ta ɗago kai ta dube ni, ta buɗe baki amma kuka bai fito ba. Da ta yunƙura za ta zo wurina, ƙafafun gaba ne kawai suka motsa, na baya suna jan ƙasa kamar tsumma. A jikin fomikar, can hawa na sama, ga sawun farcenta inda ta yi ta neman abin kamawa ba ta samu ba. Suna tsakar gida suna guɗa, ita tana ciki ta faɗo da baya a kan siminti.

Ban san lokacin da na fito na fatattaki matan nan ba. Na faɗi maganganun da ba a saba ji daga bakina ba, kowa ta ja zanenta ta fice. Washegari na nemi izini a wurin aiki na kai ta asibitin dabbobi. Likitan ya duba ta da kyau, ya matsa bayan a hankali, ya girgiza kai. Ya ce ƙashin baya ne, babu ɗorin da zai kama shi, in kai ta gida in kula da ita iya kwananta.

Daga can ban wuce gida ba, wurin kafinta na nufa, mage na rungume a gyale. Na gaishe shi, don duk fushina ban iya tsallake gaisuwa ba. Sannan na buɗe gyalen na ce, "Baba, ku dubi aikinku."

Ya leƙa, ya ja baya. "Subhanallahi. Wai da gaske mage ce?"

"Me na ce muku? Da wane yare na yi muku magana? Na ce gajere, kun yi dogo. Na ce mai kaushi, kun sa fomika. Wa ya ce muku aure zan yi?"

"To ai ni gata na yi miki, 'yar nan. Fomikar nan ma daga wajena ce, saboda mahaifinki."

"Ni gata na roƙe ku?"

Sai ya ɓata rai, wai yarinyar da aka haifa a gabansa tana ɗaga masa murya a kan dabba. Ya juya ga abokan hirarsa ya ce, "Ku ji fa. Wallahi da na san da gaske take, da ban karɓi aikin ba. Ni da girmana in zauna ina yi wa mage tsani?" Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Da ya faɗe ta tun ranar farko, da na tafi wani wuri, da magena na nan da bayanta. Bai ce ba zai yi ba, bai yi abin da na ce ba, kuma har ga Allah yana jiran in gode masa.

Da abokiyar aikina ta ji, sai ta turo mijinta, wanda ke haɗa akwatunan kaya a wani kamfani a Bompai. Ya zo ranar Lahadi bayan sun taso daga coci, da ragowar katako a bayan kekensa. Ya tambaye ni yadda nake so, na faɗa, ya maimaita mini don ya tabbatar, ya zauna a tsakar gida ya buga. Kafin la'asar ya gama, har da buhun. Abin da na nema tun farko ke nan, aikin da bai cika yini ɗaya ba. Muka fitar da kantar muka kafa matakalar a gindin taga.

Magen ta ja jiki ta zo ta shinshina. Ta kafa farce a buhun, ya riƙe ta, ta jawo kanta ta hau matakin farko. Nan ƙarfinta ya tsaya. Ta kwanta a wurin tana kallon taga. Ni nake ɗaga ta in kai ta sama da safe kafin in tafi aiki, Inna ta sauko da ita in rana ta yi zafi. Inna ba ta ƙara yin mita ba, kuma ba ta ƙara tayar da zancen aure ba, na san ita ma abin ya tsaya mata a rai ta fuska biyu. Ba a yi wata guda ba na dawo daga aiki na tarar magen ta mutu, Inna ta lulluɓe ta da tsohon ɗankwalinta a kan matakin nan na farko. Na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Kantar kuwa na ce a mayar wa kafinta da abarsa. Ya ajiye ta a ƙofar shago, wata mai aurar da 'ya ta gani ta saya. Kafin shekara ta zagayo, duk amaryar da za a kai a unguwarmu sai an yi mata irinta, kuma sunan da suka sa mata wai kantar mage. Kafinta ya samu kasuwa har ya ƙara yara a shago. In na je ganin ɗakin amarya sai a ja hannuna a nuna mini, ana dariya, a ce ai ni ce na kawo yayinta. Na daina zuwa ganin ɗaki saboda haka, aka ce na cika riƙo. Eh, na riƙe, kuma ban ga dalilin saki ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ƙi taimakonka kai tsaye bai cuce ka kamar wanda ya ce ya gane alhali bai saurare ka ba. Tun daga lokacin, in mutum ya zo mini da buƙata, ko yaro ne, ko abin ya yi mini kama da shirme, sai na maimaita masa abin da ya faɗa na ce, haka kake nufi? In zan iya in yi yadda ya ce, in ba zan iya ba in gaya masa tun yana tsaye, ya nemi wani tun da sauran lokaci.