Tayoyi Huɗun da Na Ɗaura wa Habibu

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Habibu. Ba na ɓata lissafin, domin a shekarar ce aka rushe layinmu na Misfala, muka kwashe kaya zuwa Rusaifa. Bai cika wata uku a sabon gidan ba.

Ni mai faci ne, sana'ar da ake kira banshar a nan Makka. Habibu kuwa tankar ruwa yake ja da rana, amma zuciyarsa tana wurin wata tsohuwar motar Japan, fara mai ƙofa biyu, wadda ya shekara biyu yana haɗawa da hannunsa. Su wajen goma ne masu wannan ƙulafuci. Duk daren Juma'a bayan Isha sukan taru a wani fili a Aziziyya, su ɗaga bonet, su sha shayi, suna gardama a kan ƙarar inji. Daga nan su jera su zaga gari ta babban titin da ya kewaye shi.

Habibu ba ya fita shi kaɗai. Yakan ɗauki ɗaya daga cikin ɗaliban Kano ko Sakkwato, waɗanda ba su san komai a Makka ba sai hanyar makaranta da ta Harami. Ya ratsa da shi ta ramukan duwatsu, ya hau tudu, ya kashe mota, ya ce masa ga garin nan, kalla. Wannan ne abin da ya fi so, ya fi gudun ma.

A makon da zai rasu ya kawo mini tayoyi huɗu da ya samo wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Sai sheƙi suke yi. Ya ce, "Yaya Sale, kullum jakuna kake sa wa takalmi, yau ga doki. Duba mini. In ka ce khalas, sun yi, to khalas."

Na yi abin da na shekara ashirin ina yi. Na cusa babban yatsa cikin zanen kowace taya, na murza gefe ina neman tsaga, na buga na saurara. Na ce lafiyarsu lau, na ɗaura. Akwai wasu lambobin boko guda huɗu a gefen kowace taya, cikin ɗan zobe. Na gan su. Na ga dubbansu a rayuwata, na ɗauka adon kamfani ne.

Da suka fita yawo, tayar gaba ta dama ce ta fashe a gangara. Malam Bashir, ɗalibin da ke gefensa, ya tsira da karaya biyu. Mutane suka ce gudu ne. Mahaifiyarmu ta ce dama ba ta taɓa son motar nan ba. Babu wanda ya ambace ni.

Bayan kwana arba'in, wani abokin yawonsa ya shigo shagona da ragowar tayar. Ya ɗora yatsa a kan lambobin, ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Shekararta goma sha ɗaya a ajiye. Roba tana bushewa ta ciki ko ba ta taɓa taka ƙasa ba, kuma zafin kwaltar garin nan ba ya raga mata. Ya ce, "Wallahi ya ammi," wato baffa, "ba zan gaya wa kowa ba." Kuma bai gaya ba.

A watan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da huɗu. Da malaminmu ya tambayi dalili, na ce don in riƙa karanta saƙon waya.

Nakan tambayi kaina me Habibu zai ce da ya ga yau. Yaran filin sun ƙaru, amma yawancinsu hoto suke ɗauka da waya, ban ji wanda ke ɗaukar baƙo ya nuna masa gari ba. Ina jin wannan zai ɓata masa rai. Abin da zai sa shi dariya shi ne Rukayya, matarsa, da take jin tsoron ƙarar motarsa, yanzu tana da lasin tuƙi. Watan jiya ta zo da ƙaramar motarta, 'yarsu Amina a baya. Ta ce, "Yaya, a kan taya kai kaɗai na yarda da kai, kamar yadda marigayi ya yarda."

Na durƙusa na karanta lambobin da ƙarfi, sau biyu. Na buɗe baki in gaya mata, maganar ta ƙi fita. Shi ya sa na rubuta a nan, na san tana karanta wannan shafi. Na san ajali na Allah ne. Amma shekara shida ana cewa ganganci ya kashe Habibu, ni kuwa ina ji ina shiru. Rukayya, ba ganganci ya yi ba. Ya kai wa wanda ya yarda da shi, ya tambaya. In ba ki sake kawo motarki ba, ba zan ga laifinki ba.

Habibu ya tafi yana da shekara talatin da ɗaya. Malam Bashir ya rasa shekarar karatu guda, har yau yana ɗingishi. Rukayya ta rasa miji, Amina ta rasa uban da ba ta tuna muryarsa. Tayoyi huɗu na ɗaura, ɗaya ta fashe. Ukun suna nan bayan shagona. Allah ya jiƙansa.