Matajin 'Yar Malaminsa

Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗana ya ɗauko ni daga Kano zuwa Wangsa Maju, wata unguwa a ƙasar waje, inda yake karatu. Ni makitsiya ce tun ina budurwa, amma a nan aikina kallon jirgin ƙasa ta taga.

Wata rana ya shigo da matazai da burushi cikin leda. Ya ce, "Hajiya, zaɓar min wanda ya fi. Na 'yar malamina ne. Gashinta dogo ne, ruwan zinare, yana cukurkuɗewa a bayan kunne."

Na ji daɗi, don tun zuwana ba wanda ya nemi shawarata. Na gwada su a tafin hannuna. Na ture mai tsinin ƙarfe, na ce zai ƙarje mata fata. Na ɗauki mai manyan haƙora, har na zame ɗankwali na ja shi a furfurata. Na ce a fara daga bakin gashi a hankali, kada yarinya ta yi kuka. Na sa mata albarka.

Bayan kwana biyu matar ɗan nawa tana nuna min hotuna a waya, sai ga ɗana durƙushe a ciyawa, yana taje wani ƙaton kare da matajin nan.

Da na tambaye shi, dariya ya yi. "Hajiya, da na faɗa miki na karen malamina ne ai ba za ki taɓa ba."

Ashe ya sani. Abin da ke sa ni kuka ke nan har yau. Mahaifinsa bai taɓa yi min wayo ba iya zamanmu. Na ce masa ya nemo min jirgin komawa gida.