Turmin da na haɗa su a kai

Shekarun baya can, kafin gwiwoyina su fara yi min gardama, ni ce mai raka jikata filin tanis a nan Nassarawa GRA. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta min, amma ido kam Allah Ya ba ni. Shi ya sa ɗana, wato ubanta, ya ce ba ta zuwa sai da ni. Kullum bayan la'asar ina kan kujerar roba a bakin fili da carbina, ina lura da tsawon rigarta da duk wanda kallonsa ya yi yawa.

Gaskiya ita kaɗai ba ta iya ba. In aka sa ta da wata, ɗaya can ɗaya nan, sai ta yi ta gudu a banza, a cinye ta. Kocinsu ya ce a gaban raga hannunta yake da kyau, ya haɗa ta da wata yarinya 'yar Tudun Wada mai ƙarfin dantse, su riƙa buga na bibbiyu. Ubanta ya ce ya ji, amma gasar jiha mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In ba a ɗauke su cikin 'yan wasan jiha ba, ta ajiye raket, wato abin dukan ƙwallon.

Gasa ta matso, suka yi wasan gwaji. Ƙwallo ya faɗo tsakaninsu, kowacce ta tsaya jiran 'yar'uwarta. Na gaba kuma duka suka rufar masa, raket ya daki raket. Aka tashi kowacce ta kama gabanta.

A mota na ce, "Ina ƙawar taki? Ba mu za mu sauke ta ba?"

"Hajiya, ni na gama da ita. Komai nata ne, kamar ita ta haifi ƙwallon."

"Gaba za ki yi da ita?"

"Ba gaba ba ce. Magana ce dai ba na yi."

Ni ban san tanis ba, amma na san gaba, kuma ba a yin ta a gabana. A ƙauyenmu in 'yan mata biyu suka ɓata, ba a ɓata baki wajen yi musu faɗa. Turmi ɗaya ake ba su. Washegari na aika direba ya ɗauko yarinyar da izinin uwarta. Sai aka nemi turmi a gidan aka rasa. Duk girman gidan nan komai inji ne, sai da na taka da ƙafata na aro wurin matar maigadi.

Na zuba gero, na yayyafa ruwa, na miƙa wa kowacce taɓarya. "Surfe za ku yi. Ba mai tashi sai ya fita."

Ƙawar ta ce, "Hajiya, ni fa ban taɓa yi ba."

"Ita ma gimbiyar ba ta taɓa ba. Ku fara."

Suka ɗaga tare, suka sauke tare. Taɓare suka gwaru, gero ya watse har kan zanena. Suka sake, haka. Can jikata ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Ke, bari in sauka tukuna."

"To ki ce za ki sauka mana. Ni aljana ce da zan sani?"

Daga nan na fara jin "ni", "ke", "ni", "ke", har dakan ya daidaita, bakin ya yi shiru, hannuwan suka ci gaba. Da dariya suka gama. Surfen bai yi kyau ba. Kunun da aka dama da shi ni kaɗai na sha, don kada su ga na ji kunya.

Ranar gasa ubanta ya zo ya zauna kusa da ni, fuska a ɗaure. A wasan ƙarshe ƙwallo ya nufi tsakiyarsu. Sai na ji jikata ta ce "nawa", ƙawar ta ja baya ta rufe mata wuri, ita kuma ta danna shi inda ba kowa. Haka suka yi ta yi. Ni ban iya lissafin wasan ba har yau. Na gane sun ci ne da na ga sun rungume juna, ɗana kuma ya miƙe har hularsa ta faɗi. Ni da ban yi guɗa ko a bikinsa ba, ranar na rangaɗa ta a tsakiyar GRA, alhazai suna waiwaye.

Bai sake maganar ajiye raket ba. Shekaru suka yi suna buga wa jiha, suka buga wa ƙasa, suka hau jirgi suka dawo da kofuna. Jikata ita kaɗai ba ta taɓa cin wani abin kirki ba, kuma ta daina damuwa. Ba na cewa turmi ne ya koya musu wasa, koci ya yi aikinsa. Ni baki kawai na buɗe musu.

Abin da na gani shi ne, mutum biyu in suna aiki ɗaya, shirun da ke tsakaninsu ya fi abokin karawa cutar da su. Yanzu duk sun yi aure, suna koya wa ƙananan 'yan mata a fili ɗaya. Matar maigadi ta bar min turmin, yana bayan ƙofata. In jikata ta zo gaishe ni ita kaɗai, ba na tambayar kofi. Cewa nake, "Kuna magana?"

Sai ta dubi bayan ƙofa ta ce, "Muna yi, Hajiya. Wallahi muna yi."