Rijiyar Hansatu Ta Shiga Taswira

Hansatu mai koko ta tsufa a ƙofar wani kamfanin fata a Challawa, kuma ba ta taɓa rusuna wa manaja ba. Ran da ɗaliban jami'a suka zo aune-aune a layinsu, ta zaci 'yan rusau ne, ta fito da ludayi a sama.

"Wallahi sai dai ku rushe da ni a ciki!"

"Iya, taswirar rijiyoyin da ruwan kamfani ya ɓata muke yi," in ji ɗaya, yana kare kansa.

Maƙwabta suka noƙe, don 'ya'yansu a kamfanin suke aiki. Ita kuwa ta ja shi har bakin rijiyarta mai ɗoyi.

"Sa tawa, har da sunana. Manaja ya kore ni, mu ga wa zai dama wa leburorinsa koko."