Ƙasar Gindin Gawo

Aikina dakan ƙasa ne. Idan na faɗi haka a garinmu dariya ake yi, amma gaskiya ce. A wani ɗakin gwaje-gwaje nake aiki a Kano, inda ake kawo ƙasar gonaki cikin ledoji domin a duba abin da ke cikinta. A ɗakin ciki akwai wata na'ura mai harba siririn haske mai zafi, leza ake ce masa. Hasken yana ƙona wuri ɗan mitsitsi da bai kai kan allura ba, tartsatsi ya tashi, kwamfuta ta karanta launin tartsatsin ta faɗi sinadaran da ke cikin ƙasar. Ni ba na taɓa na'urar. Nawa aikin kafin nan yake.

Nakan shanya ƙasar a inuwa har ta bushe, in tsince tsakuwa da saiwoyi, in daka ta a wani ɗan turmin dutse, in tankaɗe a rariya, in sake dakawa har ta yi laushi kamar kwalli. Sai in zuba cokali guda a injin matsi, ya danne ta, ta fito kamar maɓallin riga. Wannan maɓallin ake ajiyewa a gaban hasken. Tsakanin wata ƙasa da wata sai na wanke turmi na goge shi, kuma ba na taɓa garin da hannu, domin gishirin gumi kaɗai ya isa ya ɓata sakamako.

Na yi wa Baba wannan bayanin wata Sallah da na je gida, a ƙauyenmu da ke bayan Sule Tankarkar. Muna zaune a zaure, ya saurare ni har na gama.

"Wato dai daka da tankaɗe," in ji shi.

"Kusan haka ne, Baba."

Ya ɗaga murya yadda Inna za ta jiyo daga tsakar gida. "Kin ji ko? Duk zaryar da ya yi zuwa makaranta a Gumel, ashe aikinki ya je koyo."

Inna ta ce, "To ya shigo mana, ga gero nan a turmi yana jiran sa."

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kama sunana ba. Tun da na sami aiki sai ya koma ce mini Ma'aikaci.

Gonarmu ta gado ce, jigawa, kusan duk rairayi. Ina yaro geronta yakan cika rumbu har a nemi inda za a sa ragowar. Daga baya abin ya yi ta ja baya. Damina uku a jere ruwa ya sauka daidai gwargwado, amma rumbu bai kai rabi ba. Baba kuma a lokacin ƙarfinsa ya fara raguwa, yakan nome kunya biyu ya tsaya ya dafa ƙugu.

Ranar da zan koma Kano ya rako ni bakin hanya inda ake samun babur. Muna tsaye ya ce, "Ma'aikaci, injin nan naku, zai iya faɗa idan ƙasa ta mutu?"

Na ce zai iya faɗar abin da ya rage a cikinta.

Ya dubi hanya. Sannan ya ce, "So nake in sani, ita ce ta gaji ko ni ne."

Na yi masa alkawarin in an kawar da amfanin gona zan zo in ɗebi ƙasar da hannuna. Ban zo ba. Aiki ya yi yawa a lokacin, ledoji sun cika ɗaki, na yi ta cewa sati mai zuwa. Da na ga abin zai ja, sai na buga masa waya na ce a ɗebo ƙasa daga gona a ba direba a tashar Gumel.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na san ƙa'ida sarai. Ba a ɗibar ƙasa a wuri ɗaya. Ana bin gona ne a karkace, nan da can, a haƙa zurfin tafin hannu, a tara a bokitin roba a cuɗa, kuma a kauce wa gindin itace da inda dabbobi suka kwana. Kullum nakan faɗa wa baƙi wannan. Baba ne ban faɗa wa ba. Na ga kamar rashin kunya ne in koya masa ɗibar ƙasa a gonar da ya fara nomawa tun ba a haife ni ba.

Saƙon ya iso cikin sabuwar leda, an naɗe ta da tsohon zanen Inna, an ɗaure da kaba. Har tsakuwar ya tsince mini. Ƙasar ta yi duhu, tana da ƙanshi. Ban taɓa kula da wani aiki kamar yadda na kula da ita ba. Sau biyu na wanke turmi. Maɓallin ya fito sumul, bai tsage ba.

Shugabar ɗakinmu, wadda muke kira Dakta, ita ta sa shi a na'ura. Ta dubi kwamfuta ta dube ni.

"Ka ce daga ina wannan?"

"Daga gonarmu, wajen Sule Tankarkar."

"Ta yi kyau da yawa a ce ƙasar jigawa ce. Kamar ta lambu. Wa ya ɗebo?"

Na ce mahaifina ne, kuma babu wanda ya fi shi sanin gonar. Sai ta buga mini takardar sakamako.

Da murna na kira shi. Na ce, "Baba, ƙasarka lafiyarta ƙalau. Har Dakta sai da ta yaba."



"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe ba ita ba ce." Sai ya tambaye ni yara.

Na ajiye waya ina ganin na faranta masa rai. Na manta cewa tambayarsa gida biyu ce, idan na wanke ɗaya na ɗora wa ɗayan.

Abin da ya faru da damina Inna ce ta ba ni labari daga baya. Baba ya ce tunda ƙasa ba ta da laifi, to hannunsa ne ya yi sanyi. Yakan fita bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai la'asar. Ya yi noman farko, ya yi maimai, ya sake bi karo na uku. In ta ce ya huta, sai ya ce injin birni ya riga ya faɗi mai laifi. Geron dai bai wuce ƙugu ba. Ana gab da girbi ya kwanta, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Ba na cewa noma ne ya kashe shi. Kwanansa ne ya ƙare. Amma na san da wane tunani ya cika.

Ranar sadakar uku wani dattijon Bafulatani ya zauna kusa da ni. Aminin Baba ne tun suna samari, Baffa muke ce masa. Kowane rani shanunsa a gonarmu suke sauka, a kusurwar gabas, gindin wani babban gawo. Bayan ya yi mini gaisuwa sai ya ce, "Ni na riƙe masa leda ranar da ya ɗebar maka ƙasa."

Na ce, "A ina ya ɗiba, Baffa?"

"Gindin gawo mana, inda shanuna ke kwana."

"Nan kaɗai?"

"Nan kaɗai. Na ce masa, Malam, ba can tsakiya za ka ɗiba ba, inda geron ke ƙi? Ya ce, kai Fulani ba ku san birni ba. Gaban manyan yaron za a kai ta. In aika da farin rairayi a ce wannan ce gonar ubansa?" Baffa ya yi ɗan murmushi. "Ka san halinsa. Ko zakka zai fitar, damin da ya fi kyau yake jawowa."

Na tashi kamar zan yi alwala.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki bokitin roba na tafi gona ni kaɗai. Na bi ta a karkace tun daga yamma, ina haƙawa ina zubawa. A wurare da yawa sawun hauyarsa yana nan bai baje ba. Ban je gindin gawo ba.

A Kano na shanya ta, na daka, na tankaɗe. Da na matse ta sai maɓallin ya ruguje a kan faranti. Na sake, ya sake rugujewa. Rairayi ne zalla, babu abin da zai riƙe shi. Sai da na gauraya da garin kakin da muke sa wa irin wannan ƙasa kafin ya tsaya.

Dakta ta daɗe tana duban kwamfuta. Ta ce, "Kusan babu abin da ya rage wa shuka a nan. Gonar wa ce?"

Na ce, "Ita ce dai ta bara."

Ta cire tabarau. Ta san an yi mini rasuwa. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa." Ba ta tuna mini abin da ta faɗa a baya ba, kuma har yau ina ganin girmanta saboda haka.

Na kai wa Inna takardar tana cikin takaba. Na zauna a bakin ƙofa na karanta mata, ina mayar da shi Hausa yadda zan iya. Da na gama ta ce, "Wato ita ce."

"Ita ce, Inna."

"Ba shi ba."

"Ba shi ba ne."

Ta miƙo hannu na ba ta takardar, ko da yake ba ta karatun boko. Ta ninke ta huɗu, ta ce in buɗe akwatin Baba in sa a aljihun rigarsa ta Juma'a. Da na sa hannu sai na tarar da takardar farko a ciki, wadda na aiko masa, ta yi laushi saboda buɗewa da ninkewa. Na tambayi Inna ko in cire ta. Ta ce in bar su tare.

Da rani ya shigo Baffa ya sauko da shanunsa. Na roƙe shi kada ya kai su gindin gawo, ya fara daga tsakiyar gona, yana matsar da su bayan 'yan kwanaki.

Ya ce, "Babu inuwa a can, ɗan Malam."

Na ce na sani.

Ya dubi farin rairayin, ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya kora su tsakiya.