Na Kasa Cewa Surukina Ya Cire Safa

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru, ni ma'aikaci ne a wani kamfanin taliya da ke Sharaɗa, ina kula da injin da ke liƙe leda. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ban taɓa jin hakan ya rage ni da komai ba. Muna zaune a Panshekara ni da matata da 'ya'yanmu biyu. Ita ma'aikaciyar jinya ce a ɗan asibitin wani kamfanin fata a Challawa, mace mai son karatu tun tana yarinya. Ni kuwa mutum ne mai kunya, wanda bai iya musu da babba ba, kuma a wancan lokacin ina ɗaukar wannan hali a matsayin mafi kyawun abin da nake da shi.

Matata ta samu gurbin yin digiri na biyu a kan shugabanci da tafiyar da harkokin asibiti. Wannan ne karo na biyu da ta samu. A karon farko ta fara, sai mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta ajiye karatun ta koma jinya har Allah Ya karɓi ran tsohuwar, gurbin kuma ya wuce. Saboda haka da aka sake ɗaukarta, gidanmu ya cika da murna. Na tambaye ta ko in ta gama za ta fara yi wa mutane tiyata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a'a, za ta koyi yadda ake riƙe asibiti ne, yadda magani ba zai yanke ba, ma'aikata ba za su gaji su gudu ba, marar lafiya kuma ba zai yini a kan benci ba. Na ce ashe dai irin manajanmu za ta zama. Ta ce e, amma mai amsa gaisuwa.

Karatun Asabar da Lahadi ake yi, sauran ranakun tana wurin aiki, don haka girki ya dawo hannuna. Tuwona na farko yara suka yi ta tsintar gudaji a ciki suna jerawa a gefen kwano. Daga nan na koma ga abin da na sani, wato taliya, tunda dama ana ba mu a kamfani. Babbar 'yata ta ce Abba, idan aka ci gaba a haka su ma za su sirance su miƙe, sai dai a liƙe su a leda. A wurin aiki kuwa akwai abokina, mutumin Filato, wanda da ya ji labari ya daina kiran sunana. Duk safiya sai ya ƙame ya sara mini, ya ce barka da zuwa mijin Madam Darakta, a taimaka a tuna da talakawa ranar da aka hau kujera. Matata ma ba ta bar mu haka ba, duk abin da aka koya musu sai ta gwada a kanmu. Ta ƙirƙiro taron gida, wai kowa ya faɗi kokensa ba tsoro. A zaman farko koke ɗaya aka kawo, kuma a kan mai girki ne.

Akwai wani aikin da ya fi girki nauyi. Mahaifinta, wanda muke kira Baba, yana zaune a ƙauyensu kusa da Challawa. Ya yi shekaru yana aikin jima a kamfanin fata kafin ya ajiye ya koma gona, kuma yana fama da ciwon suga. Ɗansa direban babbar mota ne, ba ya zama, matar ɗan ce take yi masa abinci. A da matata ce take zuwa duk Asabar ta duba shi, yanzu sai ta ɗora mini. Ta koya mini yadda ake huda yatsa a gwada suga, da yadda ake ɗaura abin awon jini. Sannan ta ce abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ƙafa. In sa ya cire safa, in duba tafin da tsakanin yatsu, domin mai wannan ciwo yakan ji rauni bai sani ba. Na ce to. Ban gaya mata cewa tunda na aure ta ban taɓa zama tabarma ɗaya da mahaifinta ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban ma taɓa haɗa ido da shi ba. Ta san da haka, amma ina ganin ta manta, saboda ita ubanta ne, ni kuwa surukina ne.

Baba mutum ne mai barkwanci, shi ya sauƙaƙa mini zuwan. Da ya ji ƙarar babur ɗina sai ya ɗaga murya ya ce a shimfiɗa tabarma, ga likitan Asabar ya iso. Ya ce na mayar masa da yatsu rariya. Yakan ba ni labarin zamanin da yake aikin fata, yadda wari ke bin su har gida, in ya shiga motar haya sai a bar masa kujera guda shi kaɗai kamar mai sarauta. Kullum sai ya tambayi karatun 'yarsa, kuma ya riga ya gaya wa duk 'yan majalisarsu cewa sarautar asibiti take karantawa. Na saba da shi har na fara dariya a gabansa. Amma maganar ƙafa, sau ɗaya na iya yinta. Kaina a sunkuye na ce Baba, an ce ku bari in duba ƙafarku. Ya ce ƙafar da ta yi shekaru tana kai shi kamfani tana dawo da shi ba ta neman mai duba ta, ya motsa yatsunsa a cikin safa ya ce ga su nan suna gaishe ni. Na yi dariya na bar zancen. Da na koma gida matata ta ce ƙafa fa, na ce lafiya lau. Daga ranar haka nake amsawa.

Bayan an gama girbi na lura yana ɗingishi, ɗakinsa kuma kullum a turare yake. Wata Asabar na zo da wuri na same shi ya cire safar yana barbaɗa wani garin magani a tafin ƙafarsa. Kututturen kara ya taka a gona. Wurin ya rarake, gefensa ya yi duhu. Ya yi sauri ya rufe, sannan ya ce in matso. A ranar ne ya fara ce mini ɗana. Ya ce in saurare shi da kyau: yarinyar nan ta taɓa ajiye karatu saboda uwarta, kuma har gobe abin yana ci masa rai. Idan ta ga wannan ƙafa, ya san halinta, za ta sake ajiyewa, ga shi saura kaɗan ta tsaya gaban malamanta ta kare bincikenta. Shi ba zai zama sanadin karo na biyu ba. Ya ce amana ce ya ba ni, ranar da ta gama shi da kansa zai miƙa mata ƙafar ta yi yadda take so da ita. Na so in ce a'a, kalmar tana bakina. Abin da ya fito shi ne, to Baba, duk yadda kuka ce. Na je kemis na sayo man shafawa da ƙwayoyi, na gaya wa kaina ai ina yin wani abu.

Matata takan leƙa shi jefi-jefi da yamma idan ta tashi aiki. Sai ta same shi zaune ya baza babbar riga a kan ƙafafunsa, yana zuba mata raha, kafin ta zauna sosai ya kore ta, wai ta je ta yi karatu, shi yana da likitansa. A lokacin tana yawo tsakanin asibitocin kamfanoni na Sharaɗa da Bompai da Challawa tana tambayar yadda suke kula da ma'aikata masu ciwon da ba ya warkewa. Da ranar karewa ta matso sai ta ce in zama malaminta ta gwada a kaina. Na hau kujera na ɗora tabaranta a karan hanci, yara suka zauna a ƙasa suna ƙyalƙyala dariya. Ta yi bayani tiryan-tiryan, rabi da Turanci, ina gyaɗa kai kamar ina ganewa. Da ta ce in yi tambaya, sai na ji kaina ina cewa, to Malama, idan marar lafiya ya ɓoye ciwonsa fa? Ta ce ai shi ya sa ba a dogara da bakin marar lafiya, ana sa wanda zai duba da idonsa ya kawo rahoton gaskiya. Ta ce wallahi na fi malamanta iya tambaya. Na cire tabaran na ce bari in yi alwala.

Ta kare bincikenta lafiya, malamai suka yaba. Ta kira ni tana kuka tana dariya, ta ce in ɗauko yara mu wuce wurin Baba kai tsaye. Muka sayi tsire da lemo, da gasasshen kifi saboda shi. Tun daga zaure take kiran Baba, an gama. Amma da ta sa ƙafa a ƙofar ɗakin sai ta tsaya cak. Hancin mai jinya ya san abin da turare ba ya rufewa. Ta ajiye ledar hannunta, ta durƙusa, ta ɗage rigar, ta zare safar a hankali. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo gare ni ta ce tun yaushe. Na faɗa mata. Baba ya ce ta ƙyale ni, shi ya ɗaure mini baki, kuma ai ga shi ya cika alkawari, ga ƙafa nan ya miƙa.

A ranar muka kai shi babban asibiti. Likitoci suka ce dole a yanke ƙafar, aka yanke. Ko a gadon asibiti Baba bai daina raha ba. Ya ce yanzu ya huta, takalmi ɗaya zai riƙa gogewa. Duk ma'aikaciyar da ta zo yi masa allura sai ya ce ta yi a hankali, ga shugabarsu ta gobe nan zaune tana kallo. Har masu jinyar sauran gadaje suke matsowa jin hirarsa. Ya ce a kawo masa littafin binciken, aka kawo, ya sa na karanta masa sunanta da nasa da ke jikin bangon, ya ce in maimaita. Muka ɗauka an tsallake. Ashe ciwon ya riga ya shiga jini, ƙodarsa kuma ta gaza. Wata safiya bayan ya sha kunu ya ce zai ɗan kwanta, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Matata ba ta ɗaga mini murya ba, ko a lokacin ko bayan nan. Sai da aka share makoki ta zaunar da ni. Ta ce ta san kwana idan ya ƙare ba mai ƙara shi, kuma ba ta ce ni na kashe mata uba ba. Ta ce ita ma da nata, domin ta ba ni aikin da ta san kunya ba za ta bar ni in yi ba, kuma ba ta bi sawu ba. Amma abu ɗaya ne ya tsaya mata. A ranar da na fara ganin raunin, abin da yake buƙata bai wuce wanki da ɗauri da magani mai kyau ba, aikin da za ta riƙa yi a kan hanyarta ta dawowa daga Challawa ba tare da ta rasa darasi ko ɗaya ba. Ta ce ni da Baba mun zauna mun yanke mata hukunci a kan abin da ita kaɗai ce a cikinmu ta san girmansa. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, kuma na ga alamar hakan a zamanmu har yau. Yanzu ita ce ke riƙe da asibitin kamfaninsu, ma'aikata suna yaba mata, abokina na Filato kuma yana nan yana sara mini.

Abin da na koya shi ne, girmama babba daban, yi masa biyayya a kan abin da zai cutar da shi daban. Na ɗauka ladabi nake yi, na ɗauka amana nake riƙewa, alhali amanar da aka fara ba ni ita ce ta matata, kuma ita na saki. Ina kira ga duk wanda yake da mai karatu a gida, ya taimaka masa da girki da raino da haƙuri, amma kada ya ɓoye masa rashin lafiyar iyayensa da sunan kada hankalinsa ya rabu. Ku faɗa masa, shi ya san yadda zai tsara. Wanda kuma aka sa ya kula da tsoho, ko surukinsa ne, ko malaminsa, ko wanda bai taɓa haɗa ido da shi ba, idan ya san ba zai iya ba ya faɗa tun farko a nemi wani. Idan kuwa ya karɓa, to ya durƙusa, ya ba da haƙuri, ya duba. Tsohon zai yi fushi na yini ɗaya. Da na yarda Baba ya yi fushi da ni, da na fi samun sauƙin ziyartar kabarinsa.