Bawul mai kallon dama

Ni ce na ceci babur ɗin Malam, ko da yake in ka tambaye shi zai ce dabararsa ce. Malam mijina ne, tela a kasuwar Kakuri. Ido ya daina ganin kafar allura yanzu, amma kullum sai ya hau ɗan roba-robansa daga Mahuta ya je rumfa, a sha shayi, a yi gardamar siyasa. In aka raba shi da babur ɗin nan, an zaunar da shi ke nan.

To, babban ɗanmu, wanda ke aiki a wani kamfani a Kudenda, ya sa masa ido. Ya ce, "Baba, ranar da na ga babur ya fi ƙarfinka, zan karɓi makullin." Yaron da na goya!

Tayar baya tana sace iska a hankali, sai an buga mata famfo. Bawul ɗin kuwa, wato ɗan bakin da ake zura iskar, a miƙe yake, ya shige can tsakiya. Sai Malam ya durƙusa, ya karkace, kafin famfo ya kama. Wata safiya ya durƙusa, gwiwa ta ce ba ta san zancen tashi ba. Ina soya ƙosai na ji, "Ke! Zo ki ga wani abu." Na zo na ga abu: dattijo kwance kusa da taya, hula a gefe. Da ƙyar na ɗago shi. Ya ce kada in gaya wa kowa. Ga shi yau ina gaya wa kowa.

Ranar na bi shi Kakuri, wajen wani Ibo mai gyaran babur, wanda Hausa ta zauna a bakinsa. Ban san sunan abin da nake nema ba, ban ma san ko akwai shi ba. Sai na ɗauki butar shayin da ke rumfar maƙwabcinsa na nuna masa bakinta. Na ce, "Irin wannan nake so. Ya lanƙwaso ya gaishe da mutum, ba mutum ya kwanta ya gaishe shi ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Mama, wace makaranta kika yi?"

Na ce, "Gaban murhu."

Ashe akwai. Ya kawo guda biyu, farare, masu lanƙwasa. Ya sa na gaba yana kallon dama. Da ya zo na baya sai ya juya shi hagu. Malam ya ce atafau. Shi da dama yake cin abinci, da dama yake sa takalmi, da dama yake shiga masallaci, ba zai fara ba wa taya iska ta hagu da furfura ba.

Mai gyara ya ce, "Baba, salansa, bututun hayaƙin nan, tana dama. In ta yi zafi ba ruwanta da dattijo."

Malam ya ce, "Dama."

Mai gyara ya dube ni. Na ce masa shekara da shekaru ina wannan gardama ban taɓa ci ba, ya sa masa kawai.

Da safe abin ya yi daɗi. Malam ya ja benci, ya zauna kamar mai jiran aski, ya maƙala famfo, ya gama, ya miƙe.

Sai ran Lahadi da la'asar. Malam ya dawo daga ɗaurin aure a Tudun Wada, babur ko hucewa bai yi ba, ga ɗan namu a tsakar gida. Ɗan ya danna tayar baya da yatsa ya ce, "Baba, ta yi sanyi. Buga mata mu gani." Na san jarrabawa ce.

Malam ya ja benci, ya naɗe hannun riga don burga, ya miƙa hannu. Na ji "cuu". Salansa ta kama shi a damtse. Wallahi mutumin nan ko ƙifta ido bai yi ba, gemunsa kawai na ga yana rawa. Nan take na saki faranti a ƙasa, na hau yi wa ɗan faɗa wai mako biyu bai kawo mini jikokina ba, ko matarsa ce ta hana? Ya juyo yana ba ni haƙuri. Kafin ya waiwaya, Malam ya sauke hannun riga, ya cika taya, ya miƙe tsaye ba dafa komai.

Ɗan ya danna tayar, ya dubi uban, ya ce, "A'a, Baba, ashe da sauranka." Bai ƙara zancen makulli ba.

Yana fita ƙofa Malam ya kurma ihun da ya riƙe, har kajina suka watse. Na shafa masa zuma, na ɗaure da tsumma mai tsabta. Mako uku yana fama da riga mai dogon hannu cikin zafin bazara, maƙwabta na tambaya ko zazzaɓi yake yi. Shi kuwa kowace safiya sai ya tayar da babur ɗinsa ya nufi Kakuri.